Bayan Wuya Sai Me?

Hausawa suna cewa bayan wuya sai daɗi. Tun muna firamare ake rubuta mana wannan karin magana a allo, mu kwafa, ranar jarrabawa mu mayar wa malam abinsa. Amma duk wanda ya tashi a ƙasar Faskari, ko Sabuwa, ko Ƙanƙara cikin 'yan shekarun nan, in ya yi shiru ya dubi garinsu, zai ga maganar tana bukatar ƙarin bayani. Akwai waɗanda suka sha wuya suka fito da hankali irin na dattawa tun gemu bai tsiro musu ba. Akwai kuma waɗanda suka sha irin wannan wuyar, a gari ɗaya, a shekara ɗaya, suka fito zuciyarsu ta ƙeƙashe, har su da kansu suka zama wuyar waɗansu. To, me ya raba su? Wannan ita ce tambayar da nake so mu duba tare, ya ku 'yan'uwana ɗalibai. Abin da ya sa ni tunaninta kuwa, wani tsohon fim ne mai waƙe-waƙe da aka nuna mana a nan makaranta.

A zangon karatun da ya wuce, wani daren Asabar, malaminmu na Hausa ya sa aka kafa majigi a ɗakin cin abinci, aka rataya farin zanen gado a bango. Da muka taru sai ya ce yau fim ɗin kakanninmu za mu gani, sunansa Mother India, watau Uwar Indiya. Nan da nan 'yan kujerun baya suka fara gunaguni, su faɗa suka zo kallo. Malam bai kula su ba. Ya ce an yi fim ɗin a 1957, shekara 10 bayan Indiya ta sami mulkin kai, shekara 3 kafin Nijeriya ta sami nata. Mehboob Khan ne ya shirya shi, Nargis ce ta fito a matsayin uwar, Naushad ya tsara kiɗan, Lata Mangeshkar kuwa tana cikin waɗanda suka rera waƙoƙin. A 1958 ya shiga cikin fina-finai 5 na ƙasashen waje da suka nemi lambar Oska a Amurka, ko da yake bai samu ba. Tsawonsa ya kusa awa 3. Da Indiyanci suke magana, da rubutun Turanci a ƙasa, saboda haka Malam yakan tsayar da shi lokaci lokaci ya warware mana inda ya ɗaure.

Fim ɗin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kwarori masu gidajen silima ne suka soma shigo da fina-finan Indiya tun wajen shekarun 1950 da 1960, mutanen Kano da Zariya da Kaduna da Jos suka karɓe su hannu bibbiyu. Har fina-finan Hausa na bidiyo, waɗanda suka faro da Turmin Danya a 1990, daga can suka koyi saka waƙa da rawa a tsakiyar labari. Tsohon nan da ke dafa mana abinci, wanda muke kira Baba Kuku, da ya ji kiɗan farko sai ya bar wankin tukunya, ya jawo benci ya zauna a cikinmu. Ya ce sau bakwai ya ga fim ɗin a Kano sa'ad da yake saurayi, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci, amma ba abin da ya ɓace masa, gama talauci ko'ina ya je yarensa ɗaya ne.

Ga labarin a taƙaice, domin waɗanda barci ya sace a wannan dare. An aurar da wata yarinya mai suna Radha ga wani manomi, Shamu. Don a yi biki na fita kunya, uwar ango ta ci bashin rupi 500 wurin mai kuɗin ƙauyen, wani wai shi Sukhilala. Daga baya gardama ta tashi a kan sharaɗin bashin. Shi yana da littafi da alƙalami, su kuwa ba mai iya karatu a gidan, sai dattawan gari suka ba shi gaskiya. Aka yanke cewa kowace shekara kashi 3 cikin 4 na amfanin gonarsu nasa ne, wai kuma wannan kuɗin ruwa ne kawai, uwar kuɗi tana nan daram.

Da Shamu ya ga abin da ake bar musu ba ya kai su ko'ina, sai shi da matarsa suka shiga gyaran wani fili mai duwatsu don su ƙara gona. A can wani ƙaton dutse ya danne masa hannuwa, ya rasa su duka biyu. Ga kunyar zama mace na ciyar da shi, ga gorin mai bashi, sai ya sulale da dare ya bar gida, ba a sake ganinsa ba. Uwarsa ta rasu. Ambaliya ta zo ta share gidaje da amfanin gona. Cikin 'ya'yan Radha 4, biyu suka mutu. Sukhilala ya nemi ta ba shi mutuncinta ya ba ta hatsi, ta ƙi. Mutanen gari suka ɗaure kaya za su yi ƙaura, ta tsaya ta roƙe su da waƙa kada su bar ƙasarsu, suka fasa. Da ba shanun noma, ita ta saɓa garma a kafaɗa tana ja, ƙananan 'ya'yanta suna taya ta.

'Ya'ya biyun da suka rage, Ramu da Birju, nono ɗaya suka sha, yunwa ɗaya ta kwana da su. Ramu ya tashi mai sanyin hali, ya yi aure, ya ci gaba da noma yana auna wa mai bashi kasonsa. Birju kuwa tun yana yaro abin yake cin ransa. Da ya girma sai ya auka wa Sukhilala don ya ƙwato awarwaron uwarsa da aka jinginar, aka kore shi daga gari, ya shiga daji ya zama shugaban 'yan fashi. Ranar bikin 'yar Sukhilala ya dawo da mutanensa bisa dawakai, ya kashe uban, ya ɗauke amarya. Radha kuwa ta riga ta yi alkawari ba za ta bari ɗanta ya taɓa yarinyar ba. Ta kira shi, ya ƙi tsayawa. Ta ɗaga bindiga ta harbe shi, ya cika a hannunta.

Sa'ad da dawakan nan suka ɓullo, ɗakin cin abinci ya yi tsit, har 'yan kujerun baya. Da yawa daga cikinmu 'yan Faskari ne, da Sabuwa, da Ɗandume, da Batsari. In ka cire doki ka sa babur, ba sai Malam ya fassara mana ba. Wani yaro ɗan aji huɗu ya tashi ya fita, ba wanda ya tambaye shi dalili. Da muka koma ɗakin kwana aka kafa gardama har bayan an kashe fitila. Waɗansu suka ce Birju ne namiji, gama shi kaɗai ya ƙi yarda a taka shi. Waɗansu suka ce ɓarawo ɓarawo ne, kome dalilinsa. Ni dai ban sa baki ba, domin tunanina ya riga ya tafi gida.

Ni mutumin Ruwan Godiya ne, cikin ƙaramar hukumar Faskari, wadda ta yi iyaka da Jihar Zamfara. Ƙasa ce ta masara da dawa da auduga da waken suya. Mahaifina manomi ne, yana da shanun huɗa guda biyu, da su yake nome gonarmu, ya kuma yi wa maƙwabta huɗa su biya shi. Tun ina ƙarami muke jin labarin ɓarayin shanu, amma daga nesa. A watan Yuni na 2020 aka kai hari Kadisau, cikin ƙaramar hukumarmu, aka kashe mutane da yawa. Daren 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta kimiyya da ke Ƙanƙara. An sako su ranar 17 ga watan, amma sai da aka rufe makarantun kwana na jihar har wani lokaci. Daga nan labari ya daina zuwa daga nesa.

Namu rabon ya zo da daminar 2021, ina da shekara 12, masara ta fara goyo. Da tsakar dare muka ji harbi da ƙugin babura. Baba ya tura mu ta bayan danga, muka kwanta cikin dawa, ruwa na yayyafi, Inna ta toshe bakin ƙanwata da gefen zane don kada ta yi kuka. Da gari ya waye muka tarad da turaku biyu ba kome sai guntayen igiya, rumbu kuma an fasa. Ba a taɓa ran kowa a gidanmu ba, mun gode Allah, amma maƙwabcinmu da safe aka yi masa sutura. Bayan mako biyu Baba ya kwashe mu zuwa Funtuwa wurin kawuna, muka bar masara tsaye a gona. Kaka ta ƙi tashi, ta ce inda aka binne mijinta nan za ta jira nata lokacin. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da Faskari da Funtuwa, don a toshe wa ɓarayi hanyar samun labari. Watanni muka yi ba ma jin lafiyar Kaka sai a bakin direbobi a tasha.

A Funtuwa mu 8 ne a ɗaki ɗaya da 'yar rumfa. Baba, manomi ba gona ba shanu, hannuwansa lafiya lau amma kamar an ɗaure su. Yakan zauna a zauren Kawu tun safe har la'asar, in an kawo abinci ya ce ya ƙoshi. Shi na tuna sa'ad da na ga Shamu zaune matarsa na ba shi abinci a baki. Sai dai Baba bai sulale ba. Bayan wata biyu, wata rana da asuba ya ɗaura tsohuwar rigarsa ya nufi kasuwar hatsi, ya shiga cikin 'yan dako. Mutumin da a da ake sallama a ƙofar gidansa ana roƙon ya zo huɗa, shi ne ya koma ɗaukar buhun wani a ka. Inna kuwa ta sayar da kwanonin aurenta ta sayi gyaɗa, ta fara ƙuli-ƙuli da mai. Ni nake kai talla in na taso daga makaranta. Ta kuma ba ni wani tsohon littafin rubutu da ya yi saura, ta ce in riƙa rubuta mata abin da aka saya da abin da aka sayar, don kada uwar kuɗi ta narke ba ta sani ba.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Yayana, lokacin yana da shekara 19. Shi ya yi kiwon shanun nan tun suna maruƙa, shi ya koya musu jan garma. Ya daina cin abinci tare da mu, ya daina dariya, ya kama zama da waɗansu samari 'yan gudun hijira irinmu, kullum maganarsu yadda za a sami bindiga a koma a rama. Wurin da suke nufi kuwa wata ruga ce kusa da garinmu, wadda shekara da shekaru matanta ke kawo mana nono. Akwai wani yaro ɗan rugar da muka yi aji ɗaya da shi a firamare, na kuwa sani su an kore nasu garken tun kafin a taɓa namu. Amma mai fushi ba ya tambayar wa ya yi, wa ya yi kama da wanda ya yi kawai yake nema.

Wani dare Yaya ya ƙulle 'yan kayansa cikin buhu. Ku tuna shi ne ɗan fari. Tun da nake ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba, ban kuma taɓa ganin ta tsaya ta yi doguwar magana da shi a gaban mutane ba, saboda kunya. A daren nan ta tashi ta tsaya a bakin ƙofa, ta dube shi ido da ido, ta ce, "Kai, tsaya ka ji. Ban taɓa roƙonka kome ba. Shanu biyu aka ɗauke mini, na haƙura. In ka fita ƙofar nan ka je ka taɓa wanda bai taɓa ka ba, ka cika musu na uku ke nan, kuma kai ka kai musu da ƙafarka." Yaya ya daɗe tsaye, sa'an nan ya ajiye buhun ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Mako na zagayowa Baba ya kai shi wurin wani mai walda ya fara koyo.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa kare gari laifi ne. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan ƙasa, wadda aka ɗebi samari daga ƙananan hukumomin da abin ya shafa aka horar da su. Wanda ya tsaya gadin garinsu bisa doka, da shugaba a kansa, hanyarsa dabam. Wanda ya fita da dare neman wanda zai huce a kansa, hanyar Birju ya kama, ko da kuwa da gaskiyarsa ya fara. Ai Birju ma da gaskiyarsa ya fara. An cuci gidansu, ba mai musun wannan. Amma yarinyar da ya ɗauke ranar bikinta ba ita ta rubuta littafin bashi ba.

Maganar littafin bashi ta kawo ni ga abin da ya faru da ni kaina. Da daminar 2022 Kawu ya samo wa Baba aron gona a bayan gari. A shekarar taki ya yi tsada ƙwarai, gama yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a watan Fabrairu ya tayar da farashinsa ko'ina a duniya. Tilas Baba ya karɓi buhu 4 bashi wurin wani Alhaji mai sayen hatsi, a kan kowane buhun taki zai biya buhun masara 2 da kaka. Baba ya yi karatun allo, amma lissafinsa a ka yake riƙewa, yadda ya ga ubansa na yi. Ni kuwa tun da littafin Inna na hannuna, sai na buɗe shafi a baya na rubuta wannan ma. Da kaka ta yi aka biya sau uku: buhu 3, buhu 3, sa'an nan buhu 2. Kowane karo nakan rubuta ranar, da wanda ya tura amalanke, da wanda ya karɓa.

Ana nan sai ga yaron Alhaji ya zo, wai littafinsu ya nuna buhu 6 aka kawo, saura 2. Baba ya rantse ya biya, yaro ya ce shi dai abin da ke rubuce ya sani. Na ga jijiyar wuyan Yaya ta tashi. Aka ɗunguma gaban mai unguwa. Alhaji ya buɗe littafinsa, Baba ba shi da abin buɗewa sai baki. Na tsuguna gwiwata na rawa, na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma ina da rubutu." Dattawa suka yi murmushi, mai unguwa ya ce in karanta. Na karanta ranar, na faɗi mai amalanke, na ce yaron shago ne ya karɓa domin Alhaji ya yi tafiya. Aka kirawo mai amalanke ya ce haka aka yi. Yaron shago ya yi shiru, can ya tuna ya sauke buhunan ya tafi salla bai shigar ba. Alhaji ya dubi Baba ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, laifin namu ne. Yaron nan kuwa kada ka cire shi daga makaranta."

Alhajin nan ba Sukhilala ba ne, mantuwa ce aka yi. Amma da ba rubutu, da mantuwa da mugunta duk sakamakonsu ɗaya gare mu: buhu 2 sun tafi, su ne kuwa abincin da ya kai mu har bazara, ga kuma sabon itace an ƙara wa wutar da ke zuciyar Yaya. A lokacin murnar masara kawai na yi. Sai da na ga fim ɗin nan na gane girman abin da ya faru a zauren mai unguwa. Haƙurin Ramu bai rage ko rupi ɗaya daga bashin ba. Bindigar Birju ta kashe mai bashi, ta kuma jawo uwa ta kashe ɗanta. Abin da gidan Radha ya rasa tun ranar farko shi ne mutum ɗaya da zai iya duba littafin nan ya ce ga abin da aka rubuta, da kuma dattawan da za su saurari talaka kafin su yanke. Mu Allah Ya ba mu duka biyu, a ranar da muke bukatarsu.

Saboda haka in an ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, ni yanzu nakan ƙara da cewa, sai fa in yana iza wuta. Haƙurin da na gani a gidanmu ba na naɗe hannu ba ne. Na Baba buhu ne a ka, na Inna turmi ne da kaskon suya, na Yaya kuwa ƙarfe ne da tartsatsin wuta da suka huda masa riguna. A 2024 Yaya ya tara kuɗin walda ya sayi ɗan maraƙi, ya aika da shi wurin wani ɗan'uwanmu ana kiwo. Ranar da ya kawo shi ƙofar gida, Inna ba ta ce masa kome ba, ta koma kunyarta ta da, sai dai tuwonsa na daren nan ya fi na kowa man shanu.

Akwai waɗanda suka yi wa waƙoƙin fim ɗin dariya, suna cewa wane mai yunwa ne zai tsaya waƙa? Ina jin sun manta da gida. Wa ya taɓa ganin gayya ba gangar noma? Mata suna waƙa a bakin dutsen niƙa, suna lugude a turmi, 'yan dako ma suna da abin da suke rerawa in buhu ya yi nauyi. Marigayiya Barmani Choge ta nan Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya ta yi suna, mata kuma sun so ta domin takan zuga su su kama sana'a. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, iyayensa sun mutu tun yana ƙarami, sai ya ɗauki maraicin ya mai da shi suna, ya rungumi kuntigi yana yi wa talakawa waƙa. Mai wuya shi ya fi kowa bukatar waƙa.

Na ga wannan a wurin Inna. A Ruwan Godiya ba ta daka ba waƙa, har maƙwabta sun san muryarta. Tun daren da muka kwana cikin dawa ta yi shiru, fiye da shekara guda aiki take yi baki rufe. Bayan shari'ar masara da 'yan kwanaki, wata safiya tana murza tunkuza sai na ji tana rera wani abu ƙasa ƙasa. Ƙanwata ta ruga zaure da gudu ta gaya wa Baba, kamar an yi baƙo. Ba a dawo mana da shanu ba, ba mu koma gida ba, amma daga ranar na san wuyar ba ta cinye ta duka ba. Haka na fahimci waƙar da Radha ta tsayar da mutanen garinsu da ita. Ba hatsi ta ba su ba, gama ba ta da shi. Sun dai ji muryar wadda ta fi su asara ba ta karye ba, sai suka ji kunyar karyewa.

Fim ɗin ya ƙare da an gina wa ƙauyen hanyar ruwa ta noman rani, aka roƙi Radha, ta tsufa tukuf, ta buɗe ta. Da ruwan ya kwararo sai ya yi ja kamar jini. Baba Kuku ya ce duk ganin da ya yi wa fim ɗin, a nan ne hawaye ke zubo masa. Daɗi ya zo, amma bai maido mata da miji ko 'ya'ya ba. Mu ma haka ne. Maƙwabcinmu ba zai dawo ba. Kaka tana can, Baba yakan je ya yi noma kusa da gari in hanya ta yi kyau, mu kuwa har yanzu a Funtuwa muke hutu. Yaron rugar nan ban sake jin ɗuriyarsa ba, kullum kuwa ina fatan ya sami wadda za ta tsaya masa a bakin ƙofa. Wanda ya ce maka wuya alheri ce, bai kwana cikin dawa ba. Abin da na sani shi ne, in ta zo ba ta tafiya da kome da kome, takan bar wa mutum zaɓin abin da zai yi da ragowar.

To, 'yan'uwana, ga 'yar shawarata. Yawancinmu a nan 'ya'yan manoma ne, kusan kowane gida kuwa akwai bashin taki, ko na iri, ko jinginar gona, wanda ba a rubuta ko'ina ba sai a littafin mai ba da bashi. In an yi hutu, kowa ya sami mahaifinsa cikin ladabi ya nemi izinin rubuta masa: nawa aka karɓa, yaushe, a gaban wa, nawa aka biya. Ba sai mun gama jami'a ilminmu zai fara amfani ba, shafi ɗaya na tsohon littafi ya isa. Wanda kuma yake da wa ko aboki da fushi ke ci, kada ya guje shi, ya zauna kusa da shi, ya kuma sanar da babba tun buhu bai ƙullu ba. Ni kaina ina fatan in karanta lissafin kuɗi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, in dawo in riƙe wa manoman ƙasarmu littafi.

Ina gode wa malaminmu na Hausa da bai saurari gunagunin 'yan kujerun baya ba. Allah Ya ji ƙan waɗanda muka rasa, Ya ba shugabanninmu da dattawanmu ikon yin adalci, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa. Amin.